Kaza a Kan Dami

Ya ku 'yan makaranta, na Gwamnati da na Mishan baki ɗaya. Yau muna so ku ajiye littafin lissafi kaɗan, ku tattara hankalinku wuri ɗaya. Maganar da za mu yi, ko ta fito cikin jarrabawar ƙarshen shekara ko ba ta fito ba, ranar bukatarta tana nan tafe ga kowane ɗayanku. In ba ta zo a kanku ba, ta zo a kan uba, ko wa, ko maƙwabci.

Ga abin da ya ta da maganar. Wata rana muna kiran suna a aji, sai muka lura wani yaro wanda bai taɓa fashi ba ya kwana uku bai zo ba. Ran na huɗu ya shigo, idanunsa jawur. Muka ce, "Lafiya?" Ya ce, "Malam, an kama babanmu." Muka ce, "Me ya yi?" Ya ce bai yi kome ba. Ashe ƙanen uban ne ya ci bashin wani attajiri ya gudu, aka neme shi aka rasa, sai aka zo aka tasa wan a gaba, aka ce ba shi fita sai mai cin bashi ya bayyana. Bawan Allahn nan sai da ya kwana 9 a tsare. Ba a kai shi gaban alƙali ba, ba a ba shi ko ƙyallen takarda mai faɗin laifinsa ba. Daga bisani matarsa ta sayar da awakinta biyu, aka kai kuɗin da a ke kira na beli, aka sake shi.

Da ya komo gida, mutanen unguwa suka yi ta zuwa barka da arziki. Kowa ya shiga zaure sai ya ce, "Sai haƙuri, Allah ya kiyaye gaba." Mu ma muka je, muka faɗi haka nan, muka tashi. A zauren nan akwai malamai, akwai akawu, akwai wanda ya yi karatu har jami'a, amma ba a sami ko mutum ɗaya da ya buɗe baki ya ce cikin kwana 9 ɗin nan an karya dokar ƙasa ta fuska biyar ba. Waɗansu tsoro ya hana su, amma mafi yawanmu ba mu sani ba ne. Mu da muka yi shekaru a kwalejin horon malamai, muka haddace kogunan Afirka da tsawon kowane, sai bayan wannan abin kunya muka nemi littafin muka karanta.

Hausawa sun ce rashin sani, kaza ta kwana kan dami. To, mu ne kazar, damin kuwa shi ne Babi na 4 na Tsarin Mulkin Nijeriya. Kiran da mu ke yi a shafin nan shi ne a koya wa kowane ɗan makaranta babin nan da harshen da ya ke ji, kamar yadda a ke koya masa sau biyu da sau uku. Mun kuwa shirya mu amsa wa masu cewa kada a yi.

Abin da ke cikin damin

Kowace ƙasa mai mulkin kanta tana da wata babbar doka wadda ta ke uwa ga sauran dokoki, ita a ke kira tsarin mulki. Namu ya fara aiki ran 29 ga watan Mayu, 1999. Babi 8 gare shi, sashe 320. Sashensa na farko ya ce hukuncinsa ya hau kan kowa, daga Shugaban Ƙasa har mai tallan goro, kuma duk dokar da ta saɓa masa, to, ta rushe gwargwadon saɓaninta. Babi na 4 ya tashi daga sashe na 33 zuwa na 46, watau sashe 14 kaɗai. Yaro mai ƙwazo ya karance su tsakanin azahar da la'asar.

Sashe na 33 ya tsare ran mutum. Ba a kashe shi da gangan sai bisa hukuncin kotu kan laifin da aka tabbatar, ko cikin 'yan halaye kaɗan da doka ta ƙayyade, kamar tsare kai daga mai kawo farmaki. Na 34 ya tsare mutuncinsa: ba azabtarwa, ba wulaƙanci, ba bauta, ba aikin tilas. Ku nemi labarin kakanninku da aka ɗiba dole zuwa haƙar kuza a ƙasar Jos tsakanin 1942 da 1944, sa'an nan za ku san nauyin kalmomin nan.

Sashe na 35 shi muka fi so ku riƙe, gama shi ne na ranar kamu. In an kama mutum, yana da iko ya yi shiru, ya ƙi amsa tambaya, har sai ya gana da lauya ko wani wanda ya zaɓa da kansa. Wajibi ne cikin sa'a 24 a sanar da shi a rubuce, da harshen da ya ke ji, dalilin da ya sa aka kama shi. Wajibi ne a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya, in akwai kotun da ta isa ta ji maganar a tsakanin kilomita 40, watau wajen mil 25. In babu, kwana biyu, ko abin da kotu ta ga ya dace bisa hali. In ya yi wata biyu a tsare ba a yi masa shari'a ba, sai a sake shi, ko da sharaɗi ko babu, sai fa wanda a ke tuhuma da laifin da hukuncinsa kisa ne. Wanda kuwa aka kama ko aka tsare ba bisa doka ba, an wajabta a biya shi diyya, a kuma roƙe shi gafara a bainar jama'a.

Yanzu ku lissafa tare da mu. Ba a rubuta wa uban yaron nan dalilin kamu ba, ɗaya. Ba a kai shi kotu ba, ga kotu kuwa nan cikin gari, biyu. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda ta game ƙasa duka, ta hana a kama wani a madadin wani, uku. Ita ce kuma ta hana a kama mutum saboda bashi kawai ko saɓa alkawarin ciniki, gama wannan maganar ƙara ce gaban alƙali, huɗu. Beli kuwa, hukumar 'yan sanda da kanta ta sha yin shela cewa kyauta ne, biyar. Awaki biyu sun salwanta, alhali gidan nan ne doka ta ce a biya diyya.

Sashe na 36 shi ne na ranar shari'a. Wanda a ke tuhuma mara laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa. A faɗa masa tuhumar da harshen da ya ke ji, a ba shi lokacin shiri, ya kāre kansa da bakinsa ko ta bakin lauyan da ya zaɓa, ya yi wa shaidu tambaya, in kuwa ba ya jin harshen kotu a ba shi tafinta kyauta. Ba a tilasta shi ya ba da shaida a shari'arsa. Ba a yi masa shari'a sau biyu kan laifi ɗaya. Ba a hukunta shi kan abin da ba laifi ba ne ranar da ya aikata shi, kuma ba laifi sai wanda aka rubuta cikin doka tare da hukuncinsa. Tun 1961, cikin shari'ar da lauyoyi ke kira ta Aoko da Fagbemi, Babbar Kotun Jihar Yamma ta soke hukuncin da wata kotun gargajiya ta yanke wa wata mace, domin laifin da aka ɗora mata ba ya cikin rubutacciyar dokar jihar.

Sauran ga su a taƙaice. Na 37 ya tsare asirin gidan mutum da wasiƙunsa da maganarsa ta waya. Na 38 ya ba shi 'yancin tunani da addini. Na 39 ya ba shi ikon faɗin ra'ayinsa da bugawa a jarida. Na 40, ikon taro da shiga ƙungiya ko jam'iyya. Na 41, ikon tafiya da zama ko'ina cikin Nijeriya, ba kuma mai korar ɗan ƙasa daga ƙasarsa. Na 42 ya hana a bambanta shi saboda ƙabila, ko garin asali, ko addini, ko ra'ayin siyasa, ko kasancewarsa namiji ko mace, ko halin da aka haife shi ciki. Na 43 da na 44 sun ba shi ikon mallakar gida ko fili ko'ina, in kuwa hukuma za ta karɓa domin amfanin jama'a, sai da diyya. Waɗansu daga cikin haƙƙoƙin nan na ɗan ƙasa ne kaɗai, kamar na 41 da 42 da 43, amma rai da mutunci da shari'ar adalci na kowane mutum ne. Fataken Maraɗi da Damagaram da ke cin kasuwa a Kano, sashe na 35 ya rufe su kamar yadda ya rufe Bakano.

Akwai kuma wani yanki na sashe na 38 da aka rubuta domin ku musamman. Ya ce ba a tilasta wa ɗan makaranta ya ɗauki darasin wani addini, ko ya shiga ibadarsa, in ba addininsa ba ne ko wanda iyayensa suka yarda da shi. Yaro Musulmi a makarantar Mishan da yaro Kirista a makarantar da Musulmi suka fi yawa, dukansu biyu inuwa ɗaya suka shiga.

Inda aka samo shi

Kada ku zaci babin nan daga sama ya faɗo. Cikin shekarun 1950, sa'ad da mulkin kai ya gabato, ƙananan ƙabilu na Arewa da Gabas da Yamma suka ji tsoro kada Turawa su tafi manyan ƙabilu su danne su. A lokacin nan kuma 'yan hamayya a Arewa, musamman 'yan NEPU ta su Malam Aminu Kano, suna shan kamu da ɗauri a kotunan En'e saboda taro ba izini ko maganar da aka ce cin mutuncin sarauta ce. Hajiya Gambo Sawaba ta shiga kurkuku sau da yawa a kan haka.

A 1957 Gwamnatin Ingila ta naɗa kwamiti ƙarƙashin Sir Henry Willink ya bincika tsoron ƙananan ƙabilu. Ya zaga ƙasa ya ji koke, ya ba da rahoto a 1958. Bai yarda a ƙara jihohi ba, amma ya ba da shawara a rubuta haƙƙoƙin mutum cikin tsarin mulki. Aka shigar da su a 1959, gabanin zaɓen tarayya na shekarar, suka shiga tsarin mulkin 1960, da na 1963, da na 1979, har suka iso na 1999. Kwamitin nan bai ruɗi kansa ba. Ya faɗa a fili cewa gwamnatin da ta ƙudura barin hanya za ta sami dabarar ƙetare su, amma rubuta su zai ba wanda aka zalunta ma'aunin da zai kai kuka da shi, ya kuma hana 'yanci zaizayewa kaɗan kaɗan ba a farga ba.

Amsa ga masu musu

Na farko su ne masu cewa, "Malam, ai wannan duk takarda ce. Talaka ya isa ya ja da hukuma?" Ba mu ƙaryata su duka ba. Mun san soja sun yi mulki daga 1966 zuwa 1979, suka komo ƙarshen 1983, ba a rabu da su sosai ba sai 1999. Mun san Dokar Soja ta 2 ta 1984 ta ba da ikon tsare mutum ba shari'a, ta kuma hana kotu tambaya. Mun san da Dokar Soja ta 4 ta shekarar nan aka ɗaure 'yan jarida biyu na The Guardian, Tunde Thompson da Nduka Irabor, shekara guda guda. Mun san kuma cikin 'yan shekarun nan wajen kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin ƙasar nan ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a su ke yi. Duk wannan gaskiya ne.

Amma ku ji ɗaya gefen. A watan Janairu 1980 aka kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na Majalisar Jihar Borno, ɗan jam'iyyar GNPP, aka tsallakar da shi iyaka zuwa Chadi bisa umarnin Ministan Harkokin Cikin Gida, wai shi ba ɗan Nijeriya ba ne. Aka kai ƙara Babbar Kotu ta Maiduguri, ta ce ɗan ƙasa ne, korarsa haramun ce, a biya shi diyya. Gwamnatin Tarayya ta ɗaukaka ƙara, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar a 1982 cewa korar ta saɓa wa tsarin mulki. A 2003 'yan sanda suka watsa taron jam'iyyar ANPP a Kano da barkonon tsohuwa, wai ba a nemi izini ba. Jam'iyyu suka kai ƙara, a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce tilasta neman izinin 'yan sanda kafin taron lumana ya saɓa wa sashe na 39 da na 40. A 2014, cikin shari'ar Ukeje, Kotun Ƙoli ta rushe al'adar ƙasar Ibo da ke hana 'ya mace gadon ubanta, bisa sashe na 42. A 2022 kotun nan ta tabbatar wa 'yan mata Musulmi ikon sa hijabi a makarantun gwamnatin Jihar Ikko. Wannan ta ƙarshe da sunan 'yan makaranta kamarku aka shigar da ita.

To, takardar da ta komo da mutum daga Chadi, takarda ce kawai? Ku lura da abin da shari'o'in nan huɗu suka tara: kowace ta fara ne daga wani wanda ya san abin da aka rubuta, ya ƙi komawa zaure ya ce sai haƙuri. Gatari ba ya saran itace yana rataye. Masu cewa takarda ce kawai, mafi yawansu ba su taɓa buɗe ta ba, balle su gwada kaifinta.

Na biyu su ne masu cewa abin Turawa ne, bai dace da mu ba. Lalle kalmomin an ɗauko su ne galibi daga yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam da ƙasashen Turai suka ƙulla a 1950, ba mu ɓoye wannan ba. Amma agogo ma Turawa suka kawo, ba mu ga wanda ya ƙi duba lokaci da shi ba. Sa'an nan, wane Bature ne ya koya wa kakanninmu cewa zalunci mugun abu ne? Tun kafin Turawa su ci ƙasar nan, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo cikin Kitabul Farƙi ya jera miyagun al'adun masu mulkin zamaninsa, har da ƙwace dukiyar talakawa da karɓar toshiya wajen shari'a. Ƙanensa Malam Abdullahi ya rubuta Liya'ul Hukkami a Kano domin ya nuna wa masu mulki iyakarsu. A zauren alƙali kuwa, tun da can mai ƙara shi ke kawo shaida. Ashe abin da sashe na 36 ya faɗa ba baƙo ba ne gare mu, riga kawai ya sake.

Na uku su ne dattawan da ke cewa in an koya wa yara wannan, za su yi girman kai, su raina na gaba. Muna ba su girmansu, amma ba mu yarda ba. Wanda ya san haƙƙinsa ba ya bukatar zagi ko ɗaga murya. Sai ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, ina roƙo a rubuta mini dalilin kamun nan, a kuma bar ni in aika a kira wana." Ina rashin kunya a nan? Wanda bai san yana da ƙofar bi ba, shi ne kan haɗiye baƙin ciki shekara da shekaru, ranar da ya fashe ya ɗauki dutse da ashana. Babin nan da kansa ya koyar da iyaka. Sashe na 45 ya ce ana iya taƙaita 'yancin magana da taro da tafiya da makamantansu da dokar da hankali ya karɓa, domin tsaron ƙasa, da zaman lafiya, da tarbiyya, da lafiyar jama'a, da haƙƙin waɗansu. Amma ku duba da kyau, hanin azabtarwa na sashe na 34 ba ya cikin abin da aka yarda a taƙaita, ko da lokacin dokar ta-ɓaci ne.

Game da haƙuri kuwa, ba mu raina shi ba. Fari, da cuta, da mutuwa, waɗannan wurin haƙuri ne, gama ba mai ƙarar su. Amma abin da ɗan Adam ya yi maka da hannunsa, yana sane, an ajiye alƙali dominsa. Haƙurin da muka ba uban yaron nan, attajirin muka yi wa aiki da shi, gama ya koyi cewa hanyar nan tana ɓullewa, gobe kuma ita zai bi a kan wani.

Na huɗu su ne masu ilmi da ke cewa ai soja suka ba mu tsarin mulkin nan, ba jama'a suka rubuta ba. Gaskiya ne da Dokar Soja ta 24 ta 1999 aka kafa shi, zamanin Janar Abdulsalami Abubakar, kuma mai neman a gyara shi yana da hujja. Amma Babi na 4 ya girmi mulkin soja, tun 1959 asalinsa ya ke. Wanda rufin ɗakinsa ke yoyo ya kan nemi mai gyara, ba ya kwana a waje cikin ruwa domin fushi da magini.

Laifin da ke wuyanmu

Kada ku ce mun ɗora wa hukuma kome mun wanke kanmu. Akwai wata cuta gare mu wadda ta fi rashin sani muni, watau son haƙƙi ga namu kaɗai. In an kama ɗan jam'iyyarmu, mu ce zalunci. In an kama na waccan, mu ce maganinsa ke nan. In an hana namu wurin ibada a wani gari, mu yi kuka. In mu ne da rinjaye, mu hana na wani, mu ce gari namu ne. Mutum ya haifu a gari, ubansa ma nan ya haifu, ranar neman gurbin makaranta ko aiki a ce masa baƙo.

Mafi muni shi ne abin da kan faru a kasuwa ko tasha. Wani ya yi ihu, "Ɓarawo!" Kafin a tambayi me ya sata, an rufe shi da duka, wani lokaci har a kashe. Sau da yawa samari ne kan gaba, waɗansu da rigar makaranta a jikinsu. Ku sani duk wanda ya jefa dutse a wurin nan ya taka sashe na 33 da na 34 da na 36 gaba ɗaya, ya zama mai ƙara, ya zama alƙali, ya zama hauni. Da wane baki zai nemi a yi masa shari'ar adalci ranar da aka yi ihu a kansa bisa kuskure? Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Katangar da ka rushe domin a kama abokin gābarka, ta nan za a shigo maka.

Abin da mu ke nema

Muna so ku san iyakar damin, kada ku nemi abin da babu. Maganar ilmi kyauta, da asibiti, da aikin yi, tana cikin Babi na 2, shi kuwa manufofi ne da aka ɗora wa gwamnati, sashe na 6 ya hana kotu ta tilasta su bisa babin nan kaɗai. Babi na 4 dabam ya ke. Sashe na 46 ya ce duk wanda aka taka haƙƙinsa, ko a ke takawa, ko a ke shirin takawa, ya tafi Babbar Kotu ta jiharsa. Ƙa'idodin da Babban Jojin Nijeriya ya fitar a 2009 sun yarda wani ya shigar da ƙara a madadin wanda ke tsare. Wanda ba shi da kuɗin lauya, akwai Hukumar Taimakon Shari'a da aka kafa a 1976, akwai kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da aka kafa a 1995. Tun 2017 azabtar da wanda ke tsare laifi ne mai hukuncin ɗauri bisa doka ta musamman. Ba mu ce hanyoyin nan ba su da ƙaya ba, shari'a ta kan yi jinkiri, ta kan ci kuɗin mota da lokacin gona. Amma hanya mai ƙaya ta fi rashin hanya.

Mun san akwai darasin zaman ɗan ƙasa cikin manhajar makarantu. Sai dai yadda mu malamai mu ke koyar da shi, jerin sunaye ne da Ingilishi, yaro ya haddace ya zuba a takardar jarrabawa ya manta. Ba a gaya masa sa'a nawa ba, kilomita nawa ba, wace kotu ba. Don haka muna roƙon shugabannin makarantu, na Gwamnati da na Mishan, su keɓe rabin sa'a kowane mako, a ɗauki sashe ɗaya, a fassara shi da Hausa ko harshen da yaran wurin ke ji, a kawo misali daga kasuwa da tasha da gona. Mako 14 sun isa a gama. Muna roƙon 'yan'uwanmu malamai su fara karantawa da kansu, kada su jira abin kunya irin wanda ya same mu.

Ku kuwa 'yan makaranta, kada ku jira kowa. Ku roƙi malaminku ya nemo muku littafin. Kowane ɗayanku ya kwafe sashe na 35 da na 36 a bayan littafinsa na rubutu, da dare bayan an ci tuwo ya karanta wa mutanen gida, gama da yawa daga cikinku ku ne idon gidanku wajen karatun boko. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Cikinku akwai waɗanda gobe za su zama 'yan sanda, da alƙalai, da hakimai, da gandirobobi, mabuɗin ɗakin tsaro a aljihunsu. Muna so ranar nan ta same su sun riga sun san sa'a 24 tun suna aji.

Yaron nan da muka ba ku labarinsa shi ya fara kwafewa a ajinmu. Ya kai gida ya karanta wa ubansa. Tsohon ya sa aka maimaita masa sau biyu, ya yi shiru, sa'an nan ya ce a yage takardar a ba shi. Ya naɗe ta, ya sa cikin akwatin da ya ke ajiye takardun gonarsa. Awakin dai ba su komo ba.

Allah ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, ya ba mu sanin abin da ke namu da abin da ke na maƙwabcinmu, amin.